Damin Sifika

Shekara talatin da ɗoriya Mamman na 'Yandoto yana kiɗan noma, amma bai taɓa buɗe baki ya ce wa wani ga kuɗin kiɗansa ba. Haka ya gada. Mahaifinsa, wanda ya bar masa gangar, ya sha gaya masa cewa makaɗi ba mai tumatir ba ne da za a tsaya ana taya shi. In manomi zai yi gayya, goro yake aikowa. Makaɗi ya saɓa ganga ya je, ya bi manoma kunya-kunya yana zuga su. Wanda ya yi gaba a kira sunansa da na kakansa, wanda yake jan ƙafa a tsokane shi har ya zabura. In an tashi ba a maganar komai. Sai kaka ta yi, an girbe an ɗaure, sannan gero da dawa su fara sallama a ƙofar gida dami-dami. In kuwa wani ya matsa da tambayar me za a ba shi, amsar ɗaya ce: "Duk abin da Allah ya hore." Kowane ɗan ƙauye ya san wannan magana ba rangwame ba ce. Ɗaure mutum ake yi da ita, don wanda aka bar wa mutuncinsa ya auna ba ya so a ce ya auna kaɗan.

To, wannan amsar ce Mamman ya ɗauka ya kai Gusau, inda ba a san fassararta ba.

Wani matashi ne mai suna Zaharaddeen, mai ɗakin ɗaukar waƙa a Sabon Gari, ya aiko a kira shi ana tsakiyar bazara. Ya shigar da shi wani ɗan ɗaki da aka manne bangonsa da soso, ya kashe fanka, ya kafa masa makirfo a gaban baki, ya ce bismilla. Mamman ya duba gabas ya duba yamma, ba gona, ba manomi, ba ko kara ɗaya.

"To ɗana, wa za ni yi wa kiɗin?"

"Kowa ka ga dama, Baba."

Sai Mamman ya rufe ido. Abin da ya zo masa shi ne gonar Alhaji Sahabi, babban manomin nan na gefen Bungudu, da Haliru, ƙaton da ya cinye gayyar bara ya bar kowa a baya. Nan ya saki ganga, ya yi ta zuba wa Haliru kirari tun daga farko har ƙarshe, gumi na zuba kamar a gonar yake. Da aka gama Zaharaddeen ya yi ta tafi, sannan ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, nawa za a ba ka?"

"Haba ɗana! Duk abin da Allah ya hore."

Kada a ɗauki alhakin Zaharaddeen, ba mugu ba ne, ɗan birni ne kawai. Shi a wurinsa magana yadda aka faɗe ta haka take. Ya yi murna ya ce Allah ya saka da alheri, ya aika aka sayo shinkafa da wake da lemo mai sanyi, ya ƙara da kuɗin mota zuwa Tsafe. Mamman ya ci ya sha ya yi godiya, ya fito yana cewa a ransa ai wannan somin-taɓi ne, babban yana tafe.

Matarsa Ladidi ba ta ga alamar wani babba ba. Ita mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce, macen da in za ta sayi allura sai mai tireda ya sha ruwa kafin su daidaita.

"Malam, mi yab ba ka?"

"Ya karrama ni ƙwarai."

"Na ji. Mi yab ba ka?"

Da ya lissafa mata, har da lemon, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Da dai ka taho min da kwalbar in zuba mai, da mun rage hasara."

Mamman ya ce mata ita ba ta san sha'anin kiɗa ba, ya shige ɗaki.

Waƙar kuwa ta tashi kamar wutar kara. Kafin ruwan farko ya sauka ta shiga wayar kowa. Masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa suna sa ta a memori suna karɓar na cefane, 'yan kabu-kabu suna tafe tana tashi daga aljihunsu, direbobin Gusau zuwa Tsafe ba su da abin sawa sai ita. Ranar da Mamman ya fara jin muryarsa daga shagon wani mai aski, tsayawa ya yi cik a titi yana murmushi har wani mai baro ya yi masa tsawa. Gaskiya ya ji daɗi, daɗin da bai taɓa ji ba. A tasha sai ka ji ana "Ga Mamman na Haliru nan!" Mai shayi ya ƙara masa madara, mai tsire ya ƙara masa yanka. Ya riƙa komawa gida yana ba Ladidi labari, ita kuwa tana murza ƙuli tana cewa, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Sai damina ta kankama, aka yi shuka, hatsi ya fito, ciyawa ta biyo shi. Lokacin goro ya yi. Mamman ya sake wa ganga tsirkiya, ya wanke rigar fita, ya zauna a zaure yana jiran sallama. Mutum biyu suka aiko, masu 'yan ƙananan gonaki. Daga nan shiru. Wanda ya fi damunsa shi ne shirun Alhaji Sahabi, domin shekara goma sha bakwai goronsa bai taɓa latti ba, kuma dami goman da yake aikowa da kaka su ne rabin rumbun gidan. Gonar Mamman ta gado ba ta fi a yi mata kallo ɗaya ba. In babu damin Bungudu, kafin bazara ta zagayo Ladidi za ta koma awon tiya a kasuwar Tsafe, a gidan da tun zamanin mahaifinsa ba a taɓa sayen hatsi ba. Wannan tunanin ya hana shi jin daɗin tuwo.

Wani direba ne ya fasa ƙwan. Ya ce ai gayyar Alhaji Sahabi yau kwana biyu da farawa, ya wuce ta wurin ya ji kiɗa na tashi.

"Kiɗin wa?" in ji Mamman.

"Naka mana. Ai na ɗauka kana can."

Da Ladidi ta ji, ba ta yi dariya ba, ko da yake ta so. Ta ce, "An sai da akuya ta dawo tana cin danga. Tashi za ka yi ka tahi."

"Ba a kira ni ba. Makaɗi shi tai gayya ba goro? Mi za a ce da ni?"

"A ce maka mai iyali. Zuwa da kai ya hi saƙo. Kuma don Allah Malam, in an tambaye ka, kak ka sake aza wa Allah abin da bakinka ka iya hwaɗi."

Washegari da hantsi ya cusa gangar a buhu ya ɗaure baki, don kada wani ya gani ya ce roƙo ya fito. Ya hau mota a bakin titi. Tun kafin su wuce dutsen Kwatarkwashi direba ya sa waƙar, fasinjoji suna gyaɗa kai, shi kuwa mai waƙar yana matse a kujerar baya da buhu a cinya, kuma kwandasta bai rage masa ko sisi ba. A Gusau ya sauya mota, a Bungudu ya hau babur, aka sauke shi a bakin gona rana ta take tsaka.

Tun daga nesa ya ji kansa yana rera waƙa. Yana matsowa ya ga abin da idonsa bai taɓa gani ba. A tsakiyar gona ga baro, a cikin baron ga wata baƙar sifika mai girman akwatin amarya, an haɗa ta da batirin mota, an yafa mata tsumma don rana. Manoma sun fi arba'in, amma in ka ga yadda suke ɗaga fartanya sai ka ce zazzaɓi ne ya tashe su. Aikin da aka saba gamawa a yini guda, ga shi an shiga kwana na uku ba a ci rabi ba. Sifika kuwa ba ruwanta, sai zuba take:

"Haliru na Zainabu, ƙarfe ci ƙasa!
Rana ta gan ka ta nemi inuwa!"

Mamman ya waiga yana neman Haliru a sahun gaba. Babu shi. A sahun baya ma babu shi. Can ya hango shi a gindin ɗorawa, ya miƙe ƙafa, ya jingina da itace, ƙwaryar fura a cinya, yana kaɗa kai yana amsa kirarinsa da ludayi.

A gaban kowa kuwa wani ɗan gajeren mutum ne mai suna Yahaya, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya kai ƙarshen kunya ya ɗago, daidai lokacin da sifika ta sake cewa rana ta ga Haliru ta nemi inuwa. Yahaya ya yi jifa da fartanya.

"Wallahi na gaji! Kwana ukku ni ka noma, Haliru ka shan kirari. Ku dube shi can, shi da rana wa yan nemi inuwa?"

Gona ta kwashe da dariya. Haliru ya ɗaga ludayi ya ce, "To ni mi za ni tashi yi? In na yi noma a yabe ni, in na kwanta a yabe ni. Hauka nike?"

Mamman ya so ya yi fushi, dariya ta ci ƙarfinsa. Dariyar ce ta sa Alhaji Sahabi ya waigo. Dattijo ne mai faɗin kafaɗa, yana tsaye da malafa yana kallon gonarsa kamar mai ciwon haƙori. Da ya ga wanda ke tsaye da buhu, sai ya cire malafar ya mayar, ya rasa inda zai sa ido. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa, aka tambayi hanya, aka sake tambayar gida. Da gaisuwa ta ƙare ba sauran wurin ɓuya, Alhaji ya yi gyaran murya.

"Mamman, yaran ga na sunka kawo abin ga. Sunka ce ai kai na ciki, ba sai an wahal da kai ba. Ga shi kwana ukku ina dahwa tuwon mutum arba'in, ciyawa na yi min dariya." Ya saci kallon buhun. "Wancan ba ganga ba ta?"

"Ita ta, ranka shi daɗe."

"To don girman Allah kwance ta."

A al'ada nan magana ta ƙare. Makaɗi ya kwance ganga, kaka ta yi hukunci. Hannun Mamman har ya kai bakin buhun. Sai ya tuna shinkafa da wake, ya hango Ladidi tsaye a layin masu awo da kwano a hannu. Ya ji kunya ta taso masa tun daga tafin ƙafa, ya ji kamar mahaifinsa na tsaye a bayansa yana kallo. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya saki igiyar ya miƙe.

"Alhaji, in yi tambaya?"

"Yi."

"Kwana nawa ina yi maka kiɗi gonar ga?"

"Kai da ka iso yanzu?"

"Muryar wa ta cikin baron can?"

Alhaji ya dubi baron. "Taka ta."

"Hannun wa ad bisa gangar?"

"Naka na."

"To ashe kwana ukku ina aiki Bungudu, ina zaune 'Yandoto ban sani ba."

Manoma sun riga sun bar noma sun kewaye su. Wani ya kashe sifikar, gona ta yi tsit. Mamman ya ci gaba.

"Ban taɓa yanka ma kowa kuɗin kiɗi ba, kai shaida na. Yau za ni yi. Na yau, abin da ka saba. Na kwana ukkun da ta yi kuwa, kowace rana dami guda. In kuma baɗi ka sake aza ta gona, ko ina nan ko ba ni nan, daminta na nan."

"Sifikar da ta ɓata min aiki za ni biya?"

"Ba ta da ido, ranka shi daɗe, ba laihinta na ba. Wanda ya aike ta gona shi za a tambaya."

Yahaya ya fara fashewa da dariya, saura suka bi. Alhaji Sahabi ya cije, ya murtuke, ya ga ba zai iya ba, shi ma ya saki har malafarsa ta faɗi. Ya nuna Mamman da yatsa yana share hawaye.

"Shekara goma sha bakwai ban san kana da baki haka ba! Wa ya koya maka ciniki?"

"Ina da malama gida."

"Ka gaishe ta. Na ɗauka, jama'a ku shaida." Sannan ya juya kan manoman. "Ku kuma masu dariya, wane na bai taɓa aza waƙar ga gonarshi ba? Kowa ya san kanshi."

Nan fa kai ya fara sunkuyawa. Yahaya ya sosa wuya ya ce shi dai sau biyu ne, kuma a waya, ba da ƙarfi ba. Wani ya ce shi matarsa ce ke sawa in tana sussuka. Alhaji ya ce duk kiɗa ne, kowa ya san hanyar 'Yandoto in kaka ta yi.

Sannan Mamman ya kwance buhu. Ya rataya ganga, ya ɗan taɓa ta sau biyu don ta san an zo, ya taka cikin kunya. Bugun farko ma ya isa, sai da kowa ya laluɓi fartanyarsa. Ya tsaya daidai bayan Yahaya, ya tambayi na kusa sunan kakansa a kunne, ya ɗaga murya:

"Yahaya jikan Mahadi, gajere mai dogon aiki!
Kwana ukku kana gaba, yau duniya ta ji!"

Wayyo, ku zo ku ga Yahaya. Mutumin da ya ce ya gaji, sai ga shi yana tafiya cikin ciyawa ƙasa na tashi ta bayansa, yana noma yana kuwwa. Mamman ya bi sahu yana rabon suna, wannan a kira ubansa, wancan a tuna masa gonar da ya cinye shekarar da ta wuce. Da ya zo daidai ɗorawa sai ya sassauta kiɗan, ya karkata kai:

"Ina Haliru na Zainabu?
A gaya wa Zainabu ta aiko da tabarma,
Maigidan ya samu inuwa."

Haliru ya zabura har fura ta kife masa a wando. Ya fizgi fartanya ya faɗa gona yana rantsuwa sai ya kamo Yahaya kafin ƙarshen kunya. Bai kamo shi ba, amma ya kusa, kuma tseren nan nasu shi ya ja kowa. Kafin la'asar sakaliya an share gonar tas. Sifika tana cikin baro, an ɗora mata takalman mutane.

Daga Gusau dai har yau ko goro bai zo ba. Waƙar tana nan tana yawo a wayoyi, wasu na ci da ita, kuma duk ranar da Mamman ya ji ta a tasha sai abin ya ɗan sosa masa rai. Ladidi ta ce akwai ranar da za ta raka shi Sabon Gari, shi kuwa yana ta ja mata lokaci don tausayin Zaharaddeen.

Amma da kaka ta yi, wata ranar Talata da hantsi, sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidansu, an lafta mata gero har tana nishi. Na Alhaji Sahabi ne, cif yadda aka yi. A kansa kuma ga wasu, wannan daga Yahaya, wannan daga mai matar da ke sussuka, har da wani ƙato da direban ya ce Haliru ne ya ɗora da hannunsa, ya ce a gaya wa makaɗi baɗi a sassauta masa. Maƙwabta suka fito taya saukewa. Rumbu ya cika, aka jera saura a zaure.

Mamman yana tsaye yana jiran Ladidi ta faɗi wata magana mai yaji, don ya san ba ta rasawa. Ita kuwa sai ta juya. Ta shiga ɗaki, ya ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado, ta fito da wata 'yar tukunya an toshe bakinta da tsumma. Ta ajiye a gabansa. Ya buɗe, ya ga kuɗi ne, 'yan canji duk sun sha mai.

"Na mine ne wannan?"

"Na awo na," in ji ta, tana gyara ɗaurin kallabi ba ta dube shi ba. "Tun ran da goro bai zo ba nike tarawa. Na ce in rumbu ya ƙare in riƙa sayowa da kaɗan-kaɗan ina zubawa, kak ka sani."

Mamman ya dubi tukunyar, ya dubi Ladidi, ya sake duban tukunyar. Idonsa ya cika.

"To mi kake kallo?" Ladidi ta ce. "Ɗauki ka kai a sake ma gangar ga fata. Ita ka ci da mu."